Daga Zato Zuwa Bayyina: Waiwaye Kan Sa Ido a Hanyoyin Sadarwar Ofisoshin Jalingo

Duk wanda ya san Jalingo a ranar 27 ga Agusta, 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola ta mai da wannan gari fadar mulki, zai iya ba da shaida cewa ofisoshin da aka buɗe a gaggauce a wancan lokaci ba su dogara ga komai ba wajen tafiyar da al'amuransu face takarda, da tafireta, da ƙafar masinja. Garin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a wajajen 1893 sai ya wayi gari cike da manyan sakatarori da daraktoci da akawuna, alhali wayar NITEL, wadda layukanta a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, sai ofishin da ya isa yake da ita, wanda yake da ita ɗin ma ba kullum take amsa masa ba. Wasiƙar da za ta Yola ko Legas ko Abuja mota take bi, ta isa ranar da Allah ya nufa. Ba na cikin masu yi wa wancan zamani kuka, domin na ɗanɗani wahalarsa. Sai dai adalci ya wajabta a ambaci wata falala guda da yake da ita, wato idan fayil ya maƙale, akwai littafin shige da fice a rajista, wanda ya karɓa ya sa hannu da rana da wata, ta yadda mai haƙƙi zai iya bin sawun takardarsa tebur bayan tebur har ya tsaya a gaban mutumin da ya danne ta. Jinkiri a wancan lokaci yana da mai shi, ana kuma iya kai ƙararsa.

Sauyi ya faro ne daga 2001, shekarar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, MTN da Econet suka soma aiki a watan Agusta, Glo ta biyo baya a 2003. Amma abin da ya fi taɓa ofisoshi shi ne haɗe bankuna na zamanin Farfesa Charles Soludo, wanda ya ɗora wa kowane banki sharaɗin jarin naira biliyan 25, har bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Waɗanda suka tsira suka bazama buɗe rassa a manyan garuruwan jihohi, mu ma muka sami rabonmu. To amma reshen wannan zamani ba ya riƙe littafin ajiyar kansa, littafin yana can cikin saba, wato babbar kwamfutar da ke hedkwata, galibi a Legas, shi reshe leƙa shi kawai yake yi daga nesa. Da yake faiba ba ta wadace mu ba tukuna, sai aka kakkafa manyan farantai a bayan gine-gine suna kallon sama, suna magana da tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kimanin kilomita 36,000. Tambayar da mai karɓar kuɗi ya aika sai ta hau ta sauka, amsarta ma ta hau ta sauka, tafiyar kilomita 144,000 ke nan, wadda ko haske, duk da saurin da Allah ya hore masa, sai ya ci kusan rabin sakan kafin ya kammala ta; idan kuwa ruwan damina mai ƙarfi irin namu ya tsuge, yakan raunana saƙon har ya yanke shi gaba ɗaya.

Daga bankuna abin ya ratsa kowace ƙofa. Gwamnatin Tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin IPPIS a 2007, lambar BVN ta zo a 2014, asusun bai ɗaya na TSA ya zama wajibi a 2015, a shekarar kuma JAMB ta bar fensir da takarda ta koma kwamfuta ɗungurungum. Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008, da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da sakatariyar jiha, da ofisoshin haraji, kowannensu ya sami kansa, da yardarsa ko ba da yardarsa ba, cikin buƙatar hanyar da ba ta yankewa. A can bakin teku kuma, bayan wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 da ta daɗe tana aiki ita kaɗai, wayoyin Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010, WACS ta biyo a 2012, faiba ta riƙa rarrafowa ciki tana bin gefen hanyoyin mota. Cikin shekarun da ba su kai ashirin ba, abincin ma'aikaci, da makomar ɗalibi, da ajiyar ɗan kasuwa suka rataya ga wani abu da babu ɗaya daga cikin mazauna ginin da ke iya ganinsa da ido.

Shekarun da suka biyo baya su nake kira shekarun zato. Dattijo ya taso tun daga Gembu ko Karim Lamido domin tantance takardun fansho, ya kwana a hanya, ya iso ofis ya bi layi, yarinyar da ke kan kwamfuta ta ɗago kai cikin ladabi ta ce, "Baba, a yi haƙuri, babu netwok, sai dai a dawo gobe." Ba ƙarya take yi ba, amma da za a tambaye ta mene ne ya lalace, a ina, tun yaushe, wa kuma ke da alhakin gyara, da ba ta da jawabi, haka shugabanta, haka shugaban shugabanta. A kira kamfanin da ke sayar mana da layi, sai wata murya daga nesa ta ce, "Daga wajenmu komai lafiya lau, ku duba naku"; a kira wanda ya shimfiɗa wayoyin cikin gini, ya rantse aikinsa ba shi da aibi; mai janareta ya ce wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Sananniyar ƙa'ida ce a wurin malaman fiƙihu cewa mai da'awa shi ke kawo bayyina, wanda ya musa kuwa rantsuwa ta ishe shi, mu kuwa kullum mu ne masu da'awa, kullum kuma hannunmu wayam. Mafi munin abin da wannan hali ya haifar a ganina, fiye da asarar kuɗi da lokaci, shi ne ya buɗe wa malalaci ƙofar fakewa, ya kuma shafa wa mai gaskiya kashin kaji, domin da jama'a suka lura cewa uzurin nan ba a iya tabbatar da shi ba a kuma iya ƙaryata shi, sai suka daina karɓarsa daga bakin kowa.

Abin takaici, maganin wannan duhu ya girmi matsalar tamu da shekaru masu yawa. Tun a Disamba 1983 wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta 'yar ƙaramar manhajar nan ping, wadda ke aika sallama ga wata na'ura ta duba ko an amsa, ta kuma auna tsawon lokacin da amsar ta ɗauka. A 1988 aka fitar da ƙa'idar SNMP, wato yaren da rauta ko akwatin rarraba waya ke ba da rahoton halin da yake ciki da shi idan an tambaye shi: nawa ya shiga, nawa ya fita, wace ƙofa ce a rufe, yaya zafin jikinsa. A 1995 Tobias Oetiker na ƙasar Suwizalan ya fito da MRTG, mai yin wannan tambaya kowane minti biyar ta zana amsar a jadawalin hawa da sauka. Nagios ta Ethan Galstad ta bayyana a 1999 da sunan NetSaint, Zabbix ta Alexei Vladishev ta fito daga Latbiya a 2001, sannan ga na kasuwa irin su PRTG ta kamfanin Paessler na Jamus da Orion ta kamfanin SolarWinds na Amurka. Da yawansu kyauta ne, tamkar waƙafi ga duk mai iya sarrafa su, kuma tarurrukan AfNOG da aka soma a 2000 sun horar da injiniyoyin Afirka da dama a kansu. Ilimin yana nan tun tuni. Abin da ya yi ƙaranci shi ne shugaban da zai yarda a ware kwamfuta guda da ma'aikaci guda domin aikin da ba ya samar da komai sai sani.

A wata ma'aikata da na jima ina riƙe da sashen mulkinta na ga yadda ake wannan aiki tun daga tushe, a hannun wani matashi da ya zo mana hidimar ƙasa aka riƙe shi bayan ya gama, wanda kowa ke ce wa Injiniya. Ranar da ya shiga wurin darakta, ina zaune, abin da ya ce shi ne, "Ranka ya daɗe, ba kuɗi na zo nema ba, izini nake nema, da tsohuwar kwamfutar nan da ke sito." Da aka ba shi, mun zaci washegari za mu ga abin mamaki a allo, sai ga shi ya ɗauki littafi da biro da tsani, yana bi ofis ofis, yana leƙa ƙarƙashin tebura da saman silin, yana rubuta kowace na'ura da lambarta da wurin da wayarta ta fito da inda ta nufa. Wannan ƙidaya ita ce rukuni na farko, kuma ita ce mafi yawan masu gaggawa ke tsallakewa, alhali manhaja ba ta sa ido a kan abin da ba a gabatar mata da shi ba. A cikinta ne aka gano 'yar rautar da wani ya sayo a kasuwa ya maƙala a bayan kabad domin wayarsa, tana rarraba adireshi ga kwamfutocin maƙwabta ba da sanin kowa ba, da wata waya da aka mayar da bakinta cikin akwatin da ta fito, saƙo yana ta kewaya a cikinta har ya toshe hanya. Kafin a ɗora manhajar ma, taswirar da ya zana a takarda ta warware rikicin da muka daɗe muna ɗora wa mutanen Legas.

Bayan ƙidaya sai mas'alar mazauni, wadda a gari irin namu ta fi zaɓen manhajar kanta muhimmanci. Hikimar ita ce, mai gadi bai kamata ya faɗi tare da abin da yake gadi ba. Idan kwamfutar sa ido tana shan wuta daga inda sauran ke sha, to a daidai lokacin da aka fi buƙatar shaidarta a lokacin za ta yi shiru. Saboda haka aka keɓe mata batir da inbata nata, daga baya aka ƙara mata sola, aka kuma shirya cewa gargaɗinta zai fita ta saƙon tes a kan layin wani kamfani daban da wanda ke ba mu intanet, domin babu ma'ana a aika labarin yankewar hanya ta hanyar da ta yanke. Akwai kuma wani ƙaramin sharaɗi da ban san girmansa ba sai da na ga amfaninsa, wato daidaita agogon dukkan na'urori a kan agogo guda. Shaidu biyu da suka saɓa a kan lokaci, kowane alƙali ya san shaidarsu ta raunana; haka rikodin rauta da na saba, idan wannan ya ce ƙarfe goma da minti biyu, wancan ya ce goma da kwata, ba za a taɓa sanin wanne ya fara faɗuwa ya ja ɗan'uwansa ba.

Sai aka zo kan buɗe bakin na'urorin. Kowace an kunna mata SNMP, an canza kalmar sirrin da take zuwa da ita daga masana'anta, wadda duk duniya ta sani, an taƙaita izinin a kan karantawa banda rubutawa, inda na'urar ta iya kuma aka yi amfani da tsari na uku na ƙa'idar, mai rufe saƙo daga idon mai leƙe. Daga nan Injiniya ya yi abin da ya fi ba ni sha'awa a duk aikin: ya bar manhajar tana kallo makonni ba tare da ya ba ta izinin buga ƙararrawa ba. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Baba, sai ta san lafiyarmu kafin ta gane ciwonmu." A cikin makonnin nan ta haddace al'adar gidan, yadda zirga-zirga ke hawa da hantsi, ta lafa da azahar, ta yi ƙasa ranar Juma'a idan an tafi masallaci, ta yi tashin gwauron zabi a ƙarshen wata lokacin shirya albashi. A kan wannan al'ada aka gina haddi, wato iyakar da idan an ƙetare ta za a yi gargaɗi. Sanya haddin kuwa ijtihadi ne na gaske, domin idan an tsananta, ƙararrawa za ta yawaita har kunne ya saba ya daina ji, idan an sassauta, sai gini ya rushe kafin ta motsa. An kuma koya mata nasabar na'urori, cewa wannan akwati ɗan wancan ne, wancan kuma daga babbar rauta yake sha, don idan uwar ta faɗi a aiko gargaɗi guda a kanta, kada kowane ɗa ya aiko kukansa daban a rasa gane asali. Ƙarshen duka, kuma a nan ne sashen mulki ya shigo, aka rubuta a takarda wa za a tasa idan abu ya faru da dare, wa zai kira kamfani, bayan awa nawa ne labari zai hau zuwa darakta.

Rahoton farko da ya fito bai yi wa kowa daɗi ba, domin bai bar kowa da tsarki ba. Ya nuna akwatin da ke cikin wani ɗaki marar taga yana suma da rana tsaka a watannin Maris da Afrilu saboda zafi. Ya nuna duk lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta wasu na'urori na mutuwa su ɗauki mintuna kafin su farfaɗo. Ya nuna wani kaso mai tsoka na faɗin hanyar da muke biya yana tafiya ne a kallon bidiyo da sabunta wayoyin hannu. Bayan duk wannan, ya nuna ƙarara cewa a sa'o'in da aiki ya fi yawa, abin da ke iso mana daga kamfani bai kai abin da aka rubuta a yarjejeniya ba. Ina nan lokacin da Injiniya ya kira su ya ce, "Malam, jiya layinku ya faɗi daga ƙarfe sha ɗaya saura kwata zuwa sha biyu da rabi, na'urarmu da ke kallon taku tana nan da ranta a duk tsawon lokacin, ga zanen na turo maka." Aka yi shiru a can ɓangaren, sannan muryar da ta saba cewa mu duba namu ta nemi a ba ta lokaci ta bincika. A ranar na fahimci cewa littafin shige da ficen nan na rajista ne ya dawo mana cikin wata sura, jinkiri ya sake samun mai shi.

Akwai wata manhaja, traceroute, da Van Jacobson ya rubuta a 1987, wadda duk lokacin da na ga aikinta nakan tuna da ilimin isnadi. Malamin hadisi ba ya wadatuwa da cewa magana ta iso, sai ya jero waɗanda suka miƙo ta ɗaya bayan ɗaya, ya san a wurin wa silsila ta yi rauni ko ta yanke. Ita ma haka take jero kowace tasha da saƙo ya yada zango tun daga teburinka a Jalingo har inda ya nufa, da lokacin da ya ɓata kafin ya kai kowace ɗaya ya dawo. Amfanin wannan ya bayyana ga kowa a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da Main One da SAT-3 da ACE, suka lalace a yankin gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta raunana a ƙasashen Afirka ta Yamma, wasu bankunan Nijeriya suka shiga matsala. Ofishin da ke da awo ya gane cikin 'yan mintuna cewa silsilarsa lafiya take har Legas, daga can ne ta yanke, don haka babu amfanin a kwance wayoyin gida ko a tsawata wa yaro. Wanda ba shi da awo kuwa ya wuni yana kashe rauta yana kunnawa. Wata guda bayan haka, a Afrilu, ɓarayi suka lalata turakun babban layin wutar da ke tsakanin Jos da Gombe, Gombe da Yola da Jalingo suka shiga duhu, a nan kuma abin da ya wajaba a sa wa ido shi ne ƙarfin batir da man janareta, waɗanda su ma manhajar tana iya karanta su idan an haɗa ta da su.

Ba na da'awar cewa awo yana gyara abin da ya lalace. Faibar da katafilar masu aikin hanya ta tsinke sai an zo an ɗinke ta, kuma yawan irin wannan ɓarna ne ya sa a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Abin da awo ke bayarwa shi ne gaskiyar da za a faɗa wa mai jira, a ce masa an yanke waya a wuri kaza, masu gyara sun ce zuwa la'asar, ko a buga masa tun kafin ya baro garinsu a ce ya dakata. Wannan kuwa girmama ɗan Adam ne, ba ƙaramin abu ba ne. Rikicin canjin kuɗi na farkon 2023 ya ƙara mana wani darasi, lokacin da takardar naira ta ɓace jama'a suka rufar wa tiransifa da masu POS: sau da yawa hanya a buɗe take, fitilunta duk kore, amma sabar da ke can ƙarshe ta gaza ɗaukar lodin. Wanda ya tsaya a kan auna waya kaɗai zai ce lafiya lau, alhali mutum yana tsaye an cire masa kuɗi ba su shiga ba. Tun daga nan masu hankali suka koma auna hidimar kanta, wato manhajar ta riƙa gwada buɗe shafin biyan kuɗi ko na rajistar ɗalibai kamar yadda mutum zai yi, ta rubuta sakan nawa ya ɗauka.

Sai dai manhajar sa ido tana da nata hatsarin. Duk abin da aka ba mabuɗin kowane ɗaki, to shi ne ya fi kowa hatsari idan ya ci amana, kuma duniya ta ga haka a Disamba 2020, lokacin da aka gano cewa wasu masu kutse sun cusa guba cikin sabuntawar manhajar Orion ta SolarWinds, abokan ciniki kimanin 18,000 suka sauke ta da hannunsu, ciki har da manyan ma'aikatun gwamnatin Amurka. Idan haka ta faru da waɗanda ke da dubban masana, ƙaramin ofis a Jalingo da ya bar kwamfutar sa idonsa a buɗe ga intanet, da kalmar sirri guda da kowa ya sani, ba shi da uzuri. Wajibi ne a killace ta, a taƙaita masu shiga, a kuma rubuta wanda ya shiga da abin da ya taɓa.

Hatsari na biyu ya fi wannan kusa da zuciyata, domin ba daga waje yake zuwa ba. Na'urar da ke iya faɗin nawa ya wuce ta wata ƙofa tana kuma iya faɗin kwamfutar wa ce ta aika, da inda ta aika, kuma tsakanin muraƙabar dukiyar ma'aikata da tajassusi a kan ma'aikaci akwai tazarar da ba ta fi taku ɗaya ba. Aikin muhtasibi a tsarin magabata shi ne duba mudu da ma'auni a kasuwa, a fili, domin maslahar jama'a. Ba a ba shi izinin haura katanga ya leƙa abin da mutum ya suturta ba, Shari'a kuma ta yi hani bayyananne ga bin diddigin asirin mutane. Na ga shugaban da, da ya gane abin da manhajar ke iyawa, buƙatarsa ta farko ita ce a kawo masa jerin shafukan da wani ma'aikaci da suke takun saƙa yake buɗewa. Injiniya ya ce masa, "Ranka ya daɗe, a rubuto mini a takarda da dalili, in kai wa lauyan ma'aikata," maganar kuma ba ta sake tasowa ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba irin wannan ma'aikaci madogara, amma doka ba ta isa ba sai an sanar da ma'aikata tun farko, a rubuce, abin da ake aunawa da abin da ba a aunawa, da wanda ke da ikon gani, da tsawon lokacin da ake ajiye rikodi. Awon da aka yi a ɓoye, ko da niyyarsa kyakkyawa ce, yakan mai da abokan aiki abokan zargi.

Amma abin da ya fi kashe irin wannan aiki a wurarenmu sakaci ne. Na shiga ofisoshin da aka kashe kuɗi aka rataya babban allo a bango, aka yi bikin buɗewa, bayan shekara guda rabin alamominsa ja ne, ba don na'urorin sun mutu ba, sai don an canza su ba a sanar da manhajar ba, kowa kuma ya saba da jan har ya zama ado. Yaron da ya kafa ta ya sami aiki a Abuja ko Legas ko ƙetare, ya tafi da ilimin a ƙirjinsa domin ba a taɓa neman ya rubuta ko ya koya wa na bayansa ba. Ba na kuwa ganin laifinsa, tunda albashin da ake ba irinsa bai kai ƙimar abin da yake tsarewa ba. Ga kuma lasisin manhajojin kasuwa da ake biya da dala, wanda ya yi tsada ninki bayan an saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023. Saboda haka nake ganin ma'aikatun jiha irin tamu sun fi dacewa da na kyauta kamar Zabbix, ko kuma PRTG da ke ba da awo 100 ba tare da biya ba ga ƙaramin ofis, a karkatar da kuɗin lasisin zuwa horar da mutum biyu maimakon ɗaya, da sayen batir mai kyau.

Yau hanyoyi sun yawaita fiye da yadda muka taɓa tsammani. Tun Janairun 2023 Starlink ta fara aiki a Nijeriya da taurarin da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 550 kacal, ofisoshi da dama sun riƙe ta a matsayin layi na biyu bayan faiba. Sai dai layi na biyun da ba a gwada shi a kai a kai, ba a kuma sa masa ido, galibi ranar da aka neme shi ranar ake tarar da kuɗinsa ya ƙare ko wayarsa ta tsinke tun tuni. Haka nan ina roƙon masu sa hannu a yarjejeniyar sayen layi su karanta adadin da aka yi musu alkawari da idon mai hisabi. Kamfanin da ya ce layinsa zai tsaya kashi 99 cikin 100 ya halatta wa kansa yankewar sa'o'i 87 da ɗoriya a shekara, fiye da kwana uku da rabi ke nan. Wanda ya ce 99.9 kuwa bai wuce sa'o'i tara ba. Bambancin nan kuɗi ne, ana kuma iya rubuta a yarjejeniya cewa duk sa'ar da ta haura za a zare ta daga biyan wata, amma ba mai iya zare ko kwabo sai wanda yake da kundin awon kansa. Da jami'a, da manyan asibitoci, da sakatariya, da rassan bankunan da ke Jalingo za su riƙa zama lokaci lokaci suna gwama kundayensu, da sun ware matsalar da ta keɓanta ga gida ɗaya daga wadda ta game gari, su kai ta biyun gaban kamfanoni da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa da murya ɗaya, da ranaku da sa'o'i a rubuce, tunda hukumar tana da sashen kula da ƙorafin masu amfani da layi, da lambar 622 da ake kira kyauta.